Mai Aski Ya Kama Hanyar Teku

"Wai don Allah, tun da kike a layin nan, kin taɓa ganin Mai Aski ya hau keke ya wuce gidan mai?"

Matar Bakanike ce ta yi tambayar daga bayan katanga, kuma ba da Amarya take ba, da wata maƙwabciya take. Amarya, matar Mai Aski, tana tsakar gida tana shanya wandon da mijinta zai yi tafiya da shi, sai ta tsaya da wandon a hannu yana ɗiga mata ruwa a ƙafa. Ta so ta ji haushi, amma da ta binciki zuciyarta tsakani da Allah, ita ma ba ta taɓa gani ba. Sau ɗaya ya je gidan man sa wa taya iska, ya dawo yana tura keken, ya ce titin ne ya karkace. Ga shi kuwa gobe-goben nan zai kama hanyar teku a kan keke, shi kaɗai, yana kwana a tanti.

Wani baƙo ne ya jawo abin. Siririn mutum ne wanda rana ta gasa, ya tsaya a ƙofar shago da keke mai jakunkuna ta ko'ina, ya ce a rage masa suma. Yana kan kujera aka yi ta yi masa tambayoyi, yana amsawa a hankali, wai watanni ke nan yana kan hanya, inda yamma ta same shi nan yake kafa tanti, ya dafa abin da ya samu. Tela ya bar ɗinkinsa ya zo kallo. Bakanike ya durƙusa yana shafa sarƙar keken kamar ya ga jariri. Babu wanda ya kalli Mai Aski, shi da ya saba duk wanda ya shigo shagon nan shi yake saurare.

Baƙon na fita Mai Aski ya ce, "To me ya yi? Feda ce fa, ka taka ta juya. Ni da ina da lokaci, da tuni na je teku na wanke ƙafa na dawo."

Bakanike ya ce, "Lokaci kam kana da shi. Tun safe kai ɗaya ka aske, shi ma ga shi can ya tafi."

"Kana ganin wasa ne? Da ina yaro ba a kama ni a keke. Har suna aka sa mini, Sarkin Hanya."

Tela ya ce, "Wa ya sa maka?"

"Mutane."

"Suna ina?"

"Sun watse."

Aka fashe da dariya, dariyar kuwa ita ta kai shi ta baro. Ya ɗaga hannu ya shafa gashin bakinsa, wanda ya fi shekara goma yana kiwo, mai man shafawarsa daban da ɗan matajinsa daban, gefe da gefe ya murɗe sama kamar ƙahon rago. Ya ce, "In ban je teku ni kaɗai na cika muku kwalba da ruwansa ba, a fito da kujerar nan bakin titi, a zaunar da ni, a aske wannan."

Kafin ya haɗiye yawu Tela ya ruga ya kawo kwalba, wankakkiya, har da murfinta.

Amarya tun da aka kawo ta gidan ba ta taɓa ganin leɓen mijinta na sama ba. Ta kuma san in aka aske masa gashin nan a gaban jama'a, kamar an tuɓe masa riga ne a kasuwa. Yaya, wato yayarsa da ke zaune a ƙarshen layi, ita ta kawo mata labarin, ta ce, "Mijinki ya sake buɗe baki." Da ya shigo, Amarya ta ajiye masa abinci, ta tattaro duk ƙarfin halinta ta ce, "An ce fa da nisa."

Ya ce, "Ga masu gajerun ƙafafu ba."

Ranar tafiya duk layin ya fito. Tela ya ɗinka masa tanti da tsohon tamfol. A bayan keken an ɗaure tantin, a kansa tukunya, a kan tukunya risho, sai buta da matashin kai da madubi, da jakar kayan aski ko matuƙan jirgi za su buƙata, da ɗan faifan sola na cajin waya a can ƙololuwa. Wani ya miƙo masa taswira, ya ture ta da bayan hannu. "Ni ba na tambayar hanya, ni ake tambaya."

Ya buga ƙararrawa, ya ce a ba shi wuri, ya taka feda da ƙarfi. Tayar gaba ta tashi sama kamar doki ya yi tsaye, sai ga Mai Aski kwance rigingine a ƙofar Tela, murfin tukunya na gangarawa ƙarshen layi shi kaɗai.

Daga kwance ya ce, "Gwaji nake."

Bakanike ya ce, "Murfin ya riga ka kama hanya."

Aka ɗaga shi, aka mai da rabin kayan gaba. Ya hau yana tangal-tangal, ya kauce wa akuya, ya kauce wa mai rake, ya wuce gidan mai. Layi ya ɗauki tafi. Matar Bakanike ta ce, "To, yau an kafa tarihi."

An shirya kullum da yamma zai kira wayar Amarya, tunda layin wayarsu iri ɗaya ne, kiran junansu ba ya cin kuɗi. Yamma na yi aka taru a ƙofar gida, Yaya a kan kujera, maza a tsaye, Amarya daga bakin ƙofa riƙe da waya ta buɗe murya, kanta a sunkuye.

"Ku gaishe da na gida! Garuruwan da na wuce ban ma tsaya ƙirgawa ba. Yanzu haka ina cikin tanti, ya tsaya cak kamar ginin siminti."

Amarya ta saci kallon bayan ƙofa. Ga sandunan tantin nan jingine, an ɗaure su da tsumma, daidai inda ya ajiye su da hannunsa don kada ya manta. Ta mai da idonta ƙasa.

Ya yi ta zuba har ya ƙoshi, sannan ya ce, "To, shi ke nan." Amarya ta shige ɗaki da wayar, jama'a suka watse.

Akwai wani hali na Mai Aski da babu wanda ya lura da shi sai ita. Ba ya kashe waya. A ganinsa babban mutum in ya gama magana ya gama, sai ya jefa ta aljihu, na wancan ɓangaren shi ke da aikin kashewa. Kowa kuwa da murna yake kashewa, wasu tun kafin ya kai aya. Ita kaɗai ce ba ta iyawa. Ta danna jan maɓallin nan a kan mijinta, gani take kamar ta rufe masa ƙofa a fuska. Shi bai kashe ba, ita ba ta kashe ba, sai ta zauna a bakin gado tana jin aljihu.

Da farko ƙarar tamfol ce. "Tsaya mana! Kai wane irin tanti ne da ba ka da ƙashi?" Ta ji ya ɗaure gefe ɗaya a jikin keke, ɗayan a jikin shingen wani gida. Iska ta taso. Keke, tukunya, risho da buta suka zubo lokaci ɗaya, daga ƙarƙashinsu ya yi salati. Bai gama fitowa ba sai ta ji wani irin kuka, gulu-gulu-gulu, yana matsowa.

"Kai! Tafi can! Kai, ba da kai nake ba? Haba, ranka ya daɗe, me na yi maka?"

Sai gudu, sai haki, sai ƙarar kwano. Can muryar wata tsohuwa ta ce, "Wane ne a kan rufin kajina?"

"Matafiyi ne, Iya. Ki kama dabbarki."

"Wace dabba? Talo-talo ne fa. Sauko."

"A fara ɗaure shi tukuna."

"Ƙaton mutum, ga gashin baki kamar tsintsiya! Sauko kar ka fasa mini kwano."

A rumfar itacen tsohuwar ya kwana. Amarya ta cusa fuska a matashi ta yi dariya har cikinta ya ƙulle, sannan ta ji tausayinsa, sannan dariyar ta dawo.

Washegari da yamma layi ya ji labarin kura. "Ta kai maraƙi. Ta zo har bakin tanti. Na fito na kalle ta ido cikin ido."

Bakanike ya ce, "Me ta ce?"

"Sunkuyar da kai ta yi ta wuce. Dabba ta san wanda ya fi ta."

Yaya ta ce, "Kai da ɓera ya hana ka shiga kicin ɗina wata guda?"

"Yaya, ɓera daban, kura daban. Ita kura ana ganinta."

Haka kwanaki suka yi ta tafiya, layi na jin hanya ɗaya, Amarya na jin biyu. Yakan kira ta da safe ma, ya tambayi ko an share shago, sannan ya jefa ta aljihu, ita kuma ta jingina wayar a jikin kwando tana wanke-wanke. Ta san ƙarar fedar hagu da ke kukan ƙii-ƙii. Ta san hakinsa in ya zo tudu, da yadda yake sauka ya tura yana ce wa keken, "Ni na saye ka, ba kai ka saye ni ba." A wani dogon tudu wani tsoho mai jan akuya ya wuce shi a ƙafa, ya ce masa sannu, ya tsaya ya huta, Mai Aski ya wuce, tsohon ya sake wuce shi ya sake ce masa sannu.

Kananzir ya zube a cikin sukari da shinkafa, duk shayin da ya haɗa sai ya kurɓa ya tofar, ya ce, "In na yi gyatsa kusa da ashana na mutu." Ga layi kuwa cewa ya yi abincin hanya ya sa har ya yi ƙiba. Taya ta yi faci, ya liƙe ta da filastar da yake sa wa wanda reza ta yanka, ta kai shi inuwar gaba ta sace. Sirdi ya ci masa mazaunai, ya ɗaure matashin kansa a kai, ya zama da rana a nan yake zama, in ya sauka kuma a nan yake sa kai. Wani direban babbar mota ya rage gudu ya tambaye shi hanyar wani gari da bai taɓa jin sunansa ba. Ko ɗar bai yi ba ya ce, "Miƙe sosai, ka yi hagu, ka sake yin hagu." Amarya ta yi wa direban addu'a.

Ba kullum wahala ba ce. Wata gangara ta ɗauke shi, ta ji iska na kaɗa aljihu yana ihu kamar yaro, "Wayyo daɗi! Ku ba ni hanya!" alhali babu kowa sai shanu. Wata safiya kuma ya tsaya kusa da wani rafi, ya yi shiru, abin da ba ta taɓa jin ya yi ba, tsuntsaye kawai take ji da ruwa. Can ya ce a hankali, "Kai, ashe duniya da faɗi." Wannan bai ba layi labarinsa ba.

Sai ranar da ya kira cikin murna ta gaske. "Na samu wani fili, an share shi tas, ga inuwa, babu ɗan Adam ko ɗaya. Har da sanduna a kafe, kamar an san zan zo." Wannan karon gaskiya ya faɗa, tanti ya tsaya. Amarya ma ta ji daɗi.

Da safe ya kira ta muryarsa ƙasa-ƙasa, ya ce lafiya lau, komai tsit, shi ke nan. Aljihun kuwa ya cika da hayaniya, kukan awaki, ƙarar baro, ana kiran tumatir da albasa.

Wata mata ta ce, "Wa ya shimfiɗa mini ƙato a rumfa? Malam, ran kasuwa kake barci a inda nake kasa kayana?"

"Baiwar Allah, ni matafiyi ne."

"To yi tafiyar mana. Ku ɗauke keken nan ku kai bayan bishiya, ya tare wa kwanduna hanya."

Wani ya ce, "Tukunyar nan ta sayarwa ce?" Wata ta ce ita butar take so in ba ta yoyo. Yana ƙwace buta jakar aski ta faɗi ta buɗe. Wani mutum ya ga almakashi, ya jawo bokiti ya kifa ya zauna, ya cire hula. Kafin hantsi an yi layi. Amarya ta ji ƙarar almakashi, ta ji muryar mijinta ta dawo daidai, yana ba su labarin teku, wai wannan ne zuwansa na bakwai, har kifayen sun san shi.

Rana ta karkata sannan ya ɗaure kaya, kansa ya kumbura da yabo. Ya je bayan bishiya ya hau keken yadda ya same shi a jingine.

Wanda ya fara yi wa aski ya ce, "Malam, ba teku ka ce za ka ba? Ai nan hanyar da ka..."

"Ni za ka koya wa hanya? Je ka sa hularka, iska na shigar maka kai."

Amarya ta gane hanyar gida ya kama. Ta kai bakinta jikin wayar ta ce, "Maigida. Maigida." Feda kawai ke amsa mata, ƙii-ƙii. In ta kashe ta kira shi ta ce ya juya, zai ce yaya aka yi ta sani. Ta wuni tana juya abin. Da yamma, a gaban kowa, ta yi abin da ba ta taɓa yi ba, ta sa baki.

"Maigida, rana ta ina take faɗuwa a wurinku?"

"Ta yamma mana, Amarya. Ko an canza mata wuri a gida?"

Layi ya kwashe da dariya, Yaya ta ce, "Kewa ce, ku bar ta." Amarya ta ja mayafi ta rufe fuska, ba ta ƙara ba.

Daga nan labarai suka yi daɗi. "Hanyar duk ta zama gangara, alamar na kusa, don teku a ƙasa yake. Abin mamaki kuma, garuruwan nan duk kama suke da juna. Har wani tsoho na gani da akuya, sak wani da na bari a baya. Shi ma sannu ya ce mini."

Tela ya ce, "Ikon Allah."

Ana gobe abin zai ƙare, Amarya na tsince shinkafa. Feda na ta kukanta, sai ta tsaya. Daga nesa aka ce gulu-gulu-gulu.

Tsohuwa ta ce, "Kai ne kuma?"

Can ya ce, "Iya, ƙaura kika yi?"

"In ƙaura in je ina? Nan aka haife ni."

"Iya, daga nan zuwa teku fa?"

"Ni ban san teku ba. Amma garinku, in ka hau tudun can kana hango tankin ruwansa."

Amarya ta ji ya zauna, ta ji ya yi ƙara ya miƙe zumbur, ya koma ya jingina da shinge. Ya daɗe yana huci. Ya ce, "Ko za a yanka ni ba zan iya sake hawa tudun nan da mazaunan nan ba." Sannan muryarsa ta canza, irin canzawar da Amarya ta sani kuma take tsoro. "Iya, kina da gishiri?"

Da yamma ya sanar da layi cewa gobe war haka daga bakin teku zai kira su.

Amarya ta ƙudura a ranta, yana cewa shi ke nan za ta danna jan maɓallin, ko da hannunta zai karye. Amma washegari har mutanen layin baya suka zo. Tela ya fito da babbar lasifikar da yake jin rediyo da ita, aka ajiye a kan benci. Yaya ta miƙo hannu. "Kawo nan, ni zan riƙe." Aka jona wayar, Yaya ta riƙe ta a cinya.

Waya ta yi ƙara. Kafin muryarsa sai aka ji shaaa, shaaa, ruwa na zuwa yana komawa.

"Kuna ji? Igiyar ruwa ke nan! Ina tsaye ruwa har gwiwa. Ga jirage can kamar gidajen sama. Yanzu wani kifi ya wuce ya gaishe ni da wutsiya."

Mata suka yi ta salati. Tela ya ce, "Ruwan wane launi ne?"

"Shuɗi, Tela, irin shuɗin da ba ka da zarensa. Kwalbarku kuma ga ta a hannuna. A gaya wa Bakanike ya mai da rezarsa gida."

Bakanike ya karkata kai yana sauraro. Mai Aski ya yi ta bayani, yashi, iska, wani matuƙin jirgi da ya roƙe shi ya zauna ya zama mai askinsu. A ƙarshe ya ce, "To, shi ke nan."

Amarya ta matso. "Yaya, wayar."

"Bari mana mu ƙara jin tekun, ni ban taɓa ji ba."

"Yaya, caji..."

"Shhh."

Shaaa, shaaa. Yaya ta lumshe ido. Sai lasifika ta ce, da ƙarfin da har gidan mai an ji, "Iya, ya isa, sun tafi. Ajiye bahon."

"Dama hannuna ya gaji. Ka sa na zubar da rabin ruwan wankina."

"Kawo gishirin. Zuba. Ƙara. To ɗanɗana ki ji ko ya yi."

"Ni da ban taɓa shan teku ba, ina zan san ya yi?"

"Ƙara cokali ɗaya, a sa ɗan yashi."

Gulu-gulu-gulu.

Bakanike ya daka tsalle. "Wallahi Gwaggo ce! Gwaggota ce, da talo-talonta!" Ya fizge wayar ya kai baki. "Sarkin Hanya! A rage wa Gwaggo na miya!"

Wani ihu ya fito daga lasifika, kwalba ta faɗi. "Iya! Aljihuna na magana!"

Tsohuwar ta ce, "Wa nake ji kamar ɗan ƙanina? Kai, in kai ne, zo ka kwashe baƙon nan, ya cinye mini ƙwai."

Tela ya zauna a ƙasa yana riƙe da ciki. Matar Bakanike ta rungume wata suna hawayen dariya. Yaya ta ce, "Ni da na lumshe ido ina jin ruwan wanki!" Amarya ta sulale ta shige gida, ta tsaya a bayan ƙofa tana leƙe ta tsaga.

Rana ba ta faɗi ba motar Bakanike ta dawo. Keken na kwance a baya, Mai Aski na tsaye a kansa saboda zama ya gagara, ya yi baƙi, ya rame, gashin bakin nan gefe ɗaya ya sunkuya. Kwalbar na hannunsa. An riga an fito da kujera bakin titi.

Bai sauko ba ya ɗaga kwalbar. "Ku tsaya! Tambaya ɗaya. Gishiri daga ina yake fitowa?"

Wani ya ce, "Daga shago."

"Kafin shago! Daga teku! To ruwa ga shi, gishirin teku ga shi, me ya rage?"

Tela ya ce, "Kifin da ya gaishe ka. Sauko."

"Na yi tafiya fa! Ku dubi ƙafafuna!"

Bakanike ya ce, "Ka yi, babu mai musu. Rabi zuwa, rabi dawowa. Zauna."

"Ba na iya zama."

Aka kwance matashin daga sirdi aka ɗora masa a kujera. Ya zauna a gefe ɗaya kamar mai jiran a kira shi. Bakanike ya ɗauko aska ya riƙe ta yadda yake riƙe sifana, ya matso. Mai Aski ya kalli hannun, ya kalli askar, ya runtse ido, ya buɗe.

"Haka ake riƙe aska? Ba ka jiƙa ba, ba ka sa kumfa ba, kan injin za ka kankare? Kawo nan kar ka ɓata mini suna a ƙofar shagona!"

Ya ƙwace. Ya sa Tela ya riƙe madubi, ya haɗa kumfa, ya ja fata da yatsa biyu. Shafa ɗaya, shafa biyu, ƙahon dama ya faɗo a cinyarsa, na hagu ya biyo shi. Ya goge da tawul ya juyo ga jama'a. "Ku duba. Ko ƙwarzane babu. A garin nan wa zai yi muku irin wannan?"

A ƙarƙashin gashin ashe wani ɗan leɓe ne fari, siriri, kamar na yaron da aka aika ya ɓatar da saƙo. Yaya ta dafa ƙirji. "Ga ƙanina ya dawo! Rabona da shi ya fi shekara goma." Aka yi tafi fiye da na ranar tafiya.

Da ya shigo gida ya tsaya a tsakar ɗaki ya ce, "Wayar nan matsala ta samu yau. Daga kamfani ne. Amma kurar gaskiya ce."

Amarya ta ce, "Sannu da hanya," idonta a kan tabarma.

Da safe matar Bakanike ta leƙo ta kan katanga. "Amarya, ke da kullum kike shigewa ɗaki da waya, ba abin da kika ji?" Amarya ta yi murmushi ta ci gaba da shara, har matar ta gaji ta sauka.

Wajen azahar waya ta yi ƙara. "Amarya, a ɗora mini ruwan zafi. Shago ya cika maƙil, kowa labarin hanya yake so. Baɗi in Allah ya kai mu a kwalekwale zan tafi. To, shi ke nan."

Aljihu ya rufe ta. Babu almakashi, babu hayaniya, fanka kawai ke juyawa. Can ya yi gyaran murya.

"Tela, tsakaninka da Allah, na yi muni?"

"Ka yi kama da dafaffen ƙwai."

"Ba taka nake ji ba. Ita ce. Tun jiya ba ta kalle ni ba."

"Ai dama ba ta kallon mutane."

"Tana kallona mana, ta gefen ido. Kai ba ka sani ba. Jiya ko gefen babu."

Amarya ta toshe baki da mayafi. Ita da ta san in ta kalli ɗan leɓen nan sau ɗaya dariya za ta kuɓuce mata, kuma ba ta muni ba ce. Yatsanta ya je kan jan maɓallin ya tsaya. Ta tuna Yaya, wadda za ta ba da zanenta mafi kyau don ta ji labarin rufin kaji, ta tuna matar Bakanike da ke can bayan katanga tana jira. Shi kuma in ya sani, daga ranar zai koyi kashe waya. Ta janye yatsan, ta kwantar da wayar a kan matashi yadda take, ta tashi ta ɗora ruwa. Ba za ta gaya wa kowa ba, har shi.